Ƙuda Ba Ɗaya Ba Ne: Ƙarin Bayani Kan Dangogin Ƙudaje da Rayuwarsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi ƙarin bayani a kan maƙalar da kuka buga kwanakin baya a shafin kiwon lafiya game da ƙudaje da cututtukan da suke yaɗawa. Marubucin ya kyauta ƙwarai da ya ja hankalin jama'a ga tsabta, kuma ba ni da ja a kan mafi yawan abin da ya faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun daga farkon maƙalar har ƙarshenta ana ta cewa "ƙuda" kamar halitta guda ce: shi ke sauka a kan abinci, shi ke cizon dabbobi, shi ke sa tsutsa a gyambo, kuma maganinsa ɗaya ne, wato feshi. Na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu, na kuma daɗe ina duba waɗannan ƙwari da gilashin ƙara girma, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba, domin wanda bai san wane ƙuda ne a gabansa ba ba zai san ta inda zai ɓullo masa ba.

Harshenmu da kansa yakan ɗan ruɗa mu a nan. Mukan ce ƙudan zuma, alhali a lissafin masana mai yin zuma ba ƙuda ba ne sam, ɗan uwan rina da zanzaro da tururuwa ne, kuma fuka-fukinsa huɗu ne. Sauro kuwa, wanda ba wanda ke kiransa ƙuda, shi ne cikakken ɗan gidan. Ma'aunin da ake bi ɗaya ne: ƙuda na gaskiya fiffike biyu kaɗai gare shi, shi ya sa ake kiran rukunin gaba ɗaya Diftera, kalmar Girkanci mai nufin masu fiffike biyu, wadda masanin halittu Liniyas na ƙasar Suwidin ya tabbatar da ita a cikin tsarin sunayen halittu a shekarar 1758. An riga an ba nau'o'i sama da 150,000 suna a wannan rukuni, a cikin dangogi fiye da 150, kuma masana sun haɗu a kan cewa waɗanda ba a kai ga ba su suna ba sun ninka haka. Tsofaffin burbushinsu da aka tono a cikin duwatsu, masana sun ƙiyasta shekarunsu da kusan miliyan 240.

Fiffike biyun baya, irin waɗanda mai yin zuma ke da su, ba ɓacewa suka yi a jikin ƙuda ba, rikiɗa suka yi. Duk wanda ya kama babban ƙuda ya ɗaga fiffikensa a hankali ya duba gindinsa da gilashi, zai ga wani ɗan siririn abu mai dunƙulallen kai, tamkar gular kiɗa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Waɗannan 'yan guloli suna kaɗawa tare da fuka-fukan, kuma da zarar jikin ƙudan ya karkata ko ya juya a cikin iska, jijiyoyin da ke gindinsu su kai labari nan take, shi kuma ya gyara tafiyarsa. Tun ƙarni na 18 aka gwada cire su, aka ga ƙudan ya kasa daidaita tashinsa ya faɗo ƙasa. Su ne sirrin yadda ƙudan gida, wanda ke kaɗa fiffike kusan sau 200 a daƙiƙa guda, yake kauce wa hannu, yake kuma iya juyawa ya sauka a rufin ɗaki ƙafafu a sama.

A al'adar masana, ana raba rukunin gida biyu ta hanyar duba 'yan ƙahonnin da ke goshi. Masu dogayen ƙahonni masu gaɓoɓi da yawa su ne su sauro, da baƙin ƙudan nan na bakin koguna masu gudu da ke jawo makanta, da ƙananan ƙwarin da ke taruwa a kan ruwa da yamma. Masu gajerun ƙahonni kuwa su ne waɗanda ido ke gani ya ce ƙuda ne, irin su bobuwa. A cikin waɗannan na biyu akwai wani babban reshe wanda tsutsarsa, idan lokacin rikiɗa ya yi, ba ta tuɓe fatarta ta ƙarshe, sai fatar ta ƙandare ta zama kwanso mai ruwan ƙasa, ita kuma ta rikiɗa a ciki. A cikin wannan reshe kuma akwai wani gungu da masanin Faransa Robineau-Desvoidy ya raɗa wa suna Kaliftarata a 1830, saboda wani ɗan marufi mai kama da ɓawo da ke gindin fiffikensu yana rufe 'yan gulolin nan da na ambata. Zan kira su masu marufi. A kansu nake son in tsaya, domin kusan duk ƙudajen da maƙalarku ta haɗa ta kira da suna ɗaya daga wannan gungu suke, kuma nau'o'insu da aka sani sun haura 18,000.

Kafin in shiga dangoginsu, bari in faɗi wani abu da na gani da idona, wanda nake so kowane ɗalibi ya gani ko sau ɗaya ne. Na taɓa tara kwansunan ƙuda kamar goma a cikin kwalba, na zuba musu ɗan yashi, na ajiye a kan tebur. Wata safiya sai na ga kan ɗaya daga cikinsu ya tsage a zagaye kamar an buɗe murfin tukunya, wani abu fari-fari ya leƙo. Abin da ya fara fitowa wata 'yar jaka ce a goshin ƙudan, tsakanin idanunsa, tana kumbura tana saɓewa, tana kumbura tana saɓewa, da ita yake ture murfin, da ita kuma yake buɗa hanya a cikin yashin har ya kai sarari. Ya fito jiƙe-jiƙe, launinsa a koɗe, fuka-fukansa a cukuikuye kamar tsumma. Cikin ƙasa da awa ɗaya fuka-fukan suka miƙe, jikin ya yi duhu ya yi tauri, jakar nan kuma ta koma cikin kai, ba za ta sake fitowa ba har ya mutu, sai wani ɗan tabo mai lanƙwasa da ta bari a saman ƙahonninsa. Wannan tabo yana daga cikin alamomin da masana ke dubawa su gane reshen da ƙuda ya fito.

Na kawo wannan ne don in nuna cewa ƙudan da muke gani yana yawo, ƙarshen labarin muke gani. Girma duka a lokacin tsutsa ake yinsa, ƙuda ba ya ƙara girma bayan ya fito daga kwanso, don haka ƙaramin ƙuda ba ɗan babban ƙuda ba ne, ko dai wani nau'i ne daban ko kuwa wanda bai ƙoshi ba yana tsutsa. Ita kuma tsutsa ba daga ruɓa take tsirowa ba, kamar yadda mutanen duniya suka daɗe suna zato. Likitan Italiya Francesco Redi ya warware wannan a 1668, lokacin da ya sa nama a cikin kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe wasu da siririn ƙyalle, aka ga tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya samu sauka a kai kaɗai. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci game da kowane ƙuda ita ce: a ina tsutsarsa take rayuwa, kuma me take ci? Amfanin sanin dangi ke nan, domin dangin ƙuda yakan ba da amsar wannan tambaya tun kafin a je nema.

Ƙudan gida, wanda sunansa na kimiyya Musca domestica, launin toka ne da shi da zane huɗu baƙaƙe a doronsa. Macen takan zuba ƙwai wajen ɗari a zama guda, a cikin kashin dabbobi ko shara mai danshi, tana iya kai wa ƙwai 500 a rayuwarta, su ƙyanƙyashe cikin yini ɗaya, kuma idan ana zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa a tashi daga ƙwai a kai ga sabon ƙuda. Bakinsa kamar soso yake, ba ya tauna, ba ya huda fata. Idan ya sauka a kan abu mai tauri sai ya zubo yawu ya narkar da shi sannan ya tsotsa, kuma da ƙafafunsa yake fara ɗanɗanawa. Ta wannan amai da yake yi, da kashinsa, da gashin ƙafafunsa ne yake kwaso ƙwayoyin gudawa da atuni da taifod ya kai kan abinci. Amma ba ya cizo, kuma nan ne maƙalarku ta yi tuntuɓe. Wanda ke cizo wani ɗan uwansa ne na dangi ɗaya da ke zama a garken dabbobi, girmansu ɗaya, launinsu kusan ɗaya, sai dai idan ya sauka za a ga wani tsinin baki ya miƙe a gabansa kamar allura, kuma tsutsarsa ta fi son ruɓaɓɓiyar ciyawa da ta gauraya da fitsari da kashin dabba. Akwai kuma na uku, ƙarami, mai nacin sauka a idanun yara yana shan kwantsa, wanda ke taimakawa wajen yaɗa ciwon ido na amodari, shi kuwa ya fi son ya yi ƙwai a bayan gidan mutum da aka yi a fili. Ga ƙudaje uku masu kama da juna, amma kowanne da inda za a tare shi: na farko a kwashe shara kafin ta yi mako, na biyu a gyara shimfiɗar garke, na uku a gina masai a yi amfani da shi. Feshi yakan kashe manyan da ke yawo yau, bayan 'yan kwanaki waɗanda ke cikin kwanso su fito, ga shi kuma an daɗe da tabbatar da cewa ƙudan gida yana saurin sabawa da guba, domin tun a ƙarshen shekarun 1940 aka ga ya fara gagarar maganin DDT.

Yanzu a kwatanta wannan da ƙudan tsando, wanda shi ma mai marufi ne, amma salon haihuwarsa ya yi hannun riga da na ƙudan gida. Macen tsando ba ta zuba ƙwai. Ƙwai ɗaya take ƙyanƙyashewa a cikin cikinta, tsutsar ta zauna a wani wuri mai kama da mahaifa, uwar tana shayar da ita wani farin ruwa mai gina jiki daga wasu jijiyoyi na musamman, har ta ƙosa ta kusa kai nauyin uwar. Sannan uwar ta nemi inuwa da ƙasa mai laushi ta haife ta, tsutsar ta nutse cikin ƙasa nan da nan ta yi kwanso ba tare da ta ci komai a waje ba, bayan kamar wata guda ƙuda ya fito. Duk kwana 9 ko 10 ɗa ɗaya ake samu, kuma da wuya mace ta wuce 'ya'ya goma a rayuwarta. Namiji da mace duka jini suke sha, ba kamar sauro ba da macen kaɗai ke cizo. Ana gane tsando da yadda yake ɗora fiffike ɗaya a kan ɗaya idan ya sauka, kamar rufaffen almakashi, da wani gurbi mai siffar gatari a tsakiyar jijiyoyin fiffiken. Nau'o'insa ashirin da 'yan kai ne, an kasa su uku bisa mazauninsu: na dajin ciyawa da itatuwa jefi-jefi, na bakin rafuka, da na kurmi. Yau a Afirka kudu da Sahara ake samunsu, a ƙasashe sama da 30, amma an tono burbushin tsando a duwatsun jihar Kolorado ta Amurka, masu shekaru kusan miliyan 34, abin da ke nuna cewa a da mazauninsa ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba.

Likitan sojan Birtaniya David Bruce ne ya nuna a 1895, a ƙasar Zulu, cewa tsando ke ɗaukar ƙwayar cutar sammore daga dabba zuwa dabba, daga baya kuma aka tabbatar da hannunsa a ciwon barci na mutane. Abin lura shi ne, ƙarancin haihuwar nan tasa ita ce lagonsa. Ƙudan da ke haifar ɗa ɗaya a kwana goma ba ya jure asarar mata, ko da kaɗan-kaɗan ne a kullum, shi ya sa tarko na ƙyalle shuɗi da baƙi, launukan da ke jawo shi, yake iya rage yawansa ƙwarai, abin da ba zai taɓa yiwuwa da ƙudan gida ba. Kuma da yake macen galibi sau ɗaya take barbara, an yi amfani da dabarar sakin mazan da aka kashe wa ƙwayar haihuwa da hasken nukiliya, har aka kawar da tsando gaba ɗaya daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa masu kamuwa da ciwon barci da aka ba da rahotonsu sun sauko ƙasa da 10,000 a 2009, sannan ƙasa da 1,000 a 2018, sakamakon gwaji da magani tare da yaƙi da ƙudan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dabaru da za a iya ƙirƙirowa ba tare da wani ya zauna ya nazarci yadda wannan ƙwaro ke haihuwa ba.

Makusantan tsando su ne waɗansu shafaffun ƙudaje masu taurin jiki da ke maƙalewa a gashin dawaki da raƙuma da karnuka da tattabaru, suna tafiya a karkace. Wani daga cikinsu da ke zama a jikin tumaki ba shi da fiffike ko kaɗan, har akan ɗauka kaska ce, na jikin jemagu kuma wasu sun fi kama da gizo-gizo. Abin da ya tona asalinsu shi ne su ma tsutsa ɗaya ƙosasshiya suke haifa, kamar tsando. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a kan wannan ƙa'ida ce aka gina ilimin rarrabe halittu na zamani. Wanda ya tsara ta, Willi Hennig na Jamus, masanin ƙudaje ne, kuma a 1950 ya bayyana cewa bai kamata a haɗa halittu a gida ɗaya don sun yi kama a ido ba, sai an ga wata sabuwar siffa da suka gada daga kaka guda, kuma idan an shata gidan, dole ya ƙunshi dukan jikokin wannan kaka. Da wannan ma'auni, tare da binciken ƙwayoyin gado da ya biyo baya, aka gane cewa tsohon rabon nan na masu dogayen ƙahonni ba gida ɗaya ba ne na gaskiya, aka kuma yi ta sake shata iyakokin wasu dangogin masu marufi. Ni a ganina wannan gyare-gyare alama ce ta ilimi mai rai, kuma gungun masu marufi da kansa ya tsallake gwajin, an tabbatar kakansu ɗaya.

Sai koren ƙuda da shuɗin ƙuda, masu ƙyallin ƙarfe, waɗanda ake ƙyama fiye da kowa saboda mushe suke bi. Hancinsu yana da kaifin da cikin 'yan mintoci bayan dabba ta mutu sukan iso, kuma tsutsotsinsu ne ke cinye gawa cikin kwanaki su mayar da ita ƙasa. Da babu su, da mushe ya daɗe yana wari a doron ƙasa. Da yake girman tsutsarsu yana bin zafi da kwanaki a kan tsari sananne, masu binciken kisan kai sukan auna ta su ƙiyasta lokacin da mutum ya mutu. Dabarar amfani da ƙuda a shari'a tsohuwa ce: wani alƙali na ƙasar Sin mai suna Song Ci ya rubuta a 1247 yadda aka sa mutanen wani ƙauye suka jera laujensu a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya da aka wanke amma ƙanshin jini bai bar shi ba, mai shi ya amsa laifi. Wani nau'in koren ƙuda kuma tsutsarsa mataccen nama kaɗai take ci, ta bar mai rai, tana kuma fitar da ruwan da ke kashe ƙwayoyin cuta. Likitan ƙashi William Baer, wanda ya lura da haka a raunukan sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fara jinyar gyambon ƙashi da ita a Amurka a ƙarshen shekarun 1920, kuma a 2004 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a hukumance. Dole in ja kunne a nan cewa tsutsar da ake renonta a ɗakin gwaji cikin tsabta ake nufi, kada wani ya bar ƙuda ya sauka masa a rauni da sunan magani, domin a cikin wannan dangi akwai masu cin nama mai rai. Ɗaya daga cikinsu, na nahiyar Amurka, ya ɓulla a Libiya a 1988, ya shiga yi wa dabbobi ɓarna, sai da aka yi ta jigilar mazan da ba sa haihuwa daga Meziko ana sakinsu daga jiragen sama kafin a ga bayansa a 1991. Wani kuma na Afirka yakan yi ƙwai a ƙasa mai fitsari ko a tufafin da aka shanya a inuwa, tsutsar ta shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru, kuma guga mai zafi tana kashe ƙwan. Su dai waɗannan koren ƙudaje, idan mangwaro ya yi fure, suna cikin manyan masu kai masa garin fure daga wannan fure zuwa wancan, har masu samar da irin albasa da karas sukan sake su da gangan a cikin rumfunan raga don wannan aiki.

Babban ƙudan nan mai launin toka da jajayen idanu, mai zane uku a doro da ciki mai gida-gida kamar allon dara, danginsa daban ne, kuma macen tsutsotsi masu rai take sauke wa a kan nama maimakon ƙwai. Akwai kuma dangin da tsutsarsu ke zama a cikin jikin dabba mai rai: a hancin tunkiya da raƙumi, a tumbin doki, ko a ƙarƙashin fatar saniya inda take huda fatar ta rage mata daraja. Manyansu ba su da bakin kirki, ba sa cin komai, 'yan kwanaki suke yi su yi barbara su mutu, don haka maganar nan ta ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu ba ta hau kansu ba, kuma ba tarkon abincin da zai kama su.

Dangin da na fi so a san da shi shi ne mafi girma a cikin masu marufi, wato Takinidi, mai nau'o'i sama da 8,000, amma da wuya ka ji an ambace shi. A ido kamar ƙudan gida suke, sai dai sun fi shi gashi mai tauri, musamman a ƙarshen ciki, kuma manyansu a kan furanni suke kiwo, ba ruwansu da abincin mutum ko shara. Tsutsotsinsu duka a cikin jikin wasu ƙwari suke girma, galibi tsutsotsin da ke cin ganye, har su kashe su. Wasu sukan manna ƙwai a bayan tsutsar, wasu su zuba ƙananan ƙwai dubbai a kan ganye don ta haɗiye su tare da abincinta, wani nau'i kuma na Amurka yana da kunnen da ke bin kukan gyare da dare har ya same shi ya sauke masa 'ya'yansa. Na taɓa ajiye wata koriyar tsutsar ganye a cikin kwalba ina ciyar da ita, ina jiran in ga malam-buɗe-littafin da za ta zama. Na lura da wasu 'yan fararen ɗigo uku a bayan kanta, ban ba su muhimmanci ba. Bayan kwanaki sai ta daina ci, jikinta ya saki, washegari na tarar da kwansuna uku masu ruwan ƙasa a gefenta, bayan kusan mako biyu kuma ƙudaje uku masu gashi suka fito suna zagaya kwalbar. Tun daga ranar nake tunanin yawan irin wannan aiki da ake yi a kowace gona ba tare da mai gonar ya sani ba, da kuma yawan waɗannan mataimaka da ke mutuwa duk lokacin da aka yi feshi ba tare da bambancewa ba. A 1925 an kai wani nau'insu tsibiran Fiji daga yankin Malaya, ya murƙushe wani ƙwaro da ya kusa halaka itatuwan kwakwar ƙasar. Sai dai a nan ma rashin sanin halin nau'i yana da tsada, domin wanda aka kai Arewacin Amurka daga Turai a 1906 don ya yaƙi wata tsutsa mai cinye ganyen daji ya zama maras zaɓi, ya faɗa wa nau'o'in ƙwarin ƙasar fiye da ɗari da ba su da laifi, kuma ba a iya mayar da hannun agogo baya ba.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne duk lokacin da za a sake yin rubutu a kan ƙuda a wannan jarida, marubucin ya faɗi wane ƙuda yake nufi, ya faɗi inda tsutsarsa take girma, sannan ya ba da shawarar da ta dace da shi, ko kwashe shara ce, ko gina masai, ko kafa tarko, ko guga, ko kuma a ƙyale shi ya ci gaba da aikinsa a gona. Zai kuma taimaka idan hoton da za a sa ya kasance na ainihin ƙudan da ake magana a kansa, a buga shi da girman da mai karatu zai iya ƙirga zanen da ke doronsa ya ga siffar bakinsa. Malaman makaranta da ke karanta wannan shafi kuwa, kwalba ɗaya da ɗan yashi da gilashin ƙara girma sun isa su nuna wa ɗalibai fitowar ƙuda daga kwanso cikin mako guda.

Na gode da filin da kuka ba ni.

Naku,
Wani tsohon malamin ilimin halittu, mai karanta jaridarku a kullum